Wasiƙa a Buɗe ga Jami'an Ma'ajiyar Magunguna Kan Rabon Kaya Lokacin Sanƙarau

Zuwa ga masu riƙe da makullan ma'ajiyar magunguna a jihohi da ƙananan hukumomi.

Annobar sanƙarau nau'in C da ta ɓulla a Zamfara a ƙarshen 2016 ta bazu zuwa Sakkwato, Katsina, Kebbi da Neja, ta kuma yi ajalin mutum fiye da 1,100, amma sai a watan Afrilun 2017 aka fara allurar rigakafi ta gayya, wadda ta zama dole domin allurar MenAfriVac da aka yi wa jama'a a baya nau'in A kaɗai take karewa. Kwamitin ICG, wato kwamitin ƙasa da ƙasa mai kula da ajiyar allurar gaggawa, ba ya sakin kaya sai ɗakin gwaji ya tabbatar da nau'in ƙwayar cutar. Saboda haka 'yar kwalbar da ake zuba ruwan ƙashin bayan majiyyaci a ciki ita ce ya kamata jami'i ya fara aikawa asibitocin karkara, tare da bayanin cewa ana ajiye ta a firji kafin amfani, amma da zarar an zuba samfuri ba a sake sanyaya ta.

Babbar matsalar rabon ita ce kowane kaya da hanyarsa: allurar rigakafi tana bin hukumar lafiya a matakin farko, maganin seftiriyazon da ake yi wa wanda ya riga ya kamu yana bin ma'aikatar lafiya ko ƙungiyoyin agaji, kayan gwaji kuma suna bin jami'an sa ido kan cututtuka. Idan kowa ya rungume littafin lissafinsa, sai allura ta isa mazaɓa ba tare da ruwan haɗinta ba, ko sirinji, ko kwalin zubar da tsini, masu yin allura su wuni zaune ƙanƙara tana narkewa a cikin akwatin sanyi. Wannan asara ce da ba ta da uzuri, tunda kowane jami'i na iya kiran takwarorinsa na sauran hukumomin ta waya.

Abin da ya wajaba shi ne jami'an hukumomin su haɗa lissafin kayansu a takarda ɗaya kowace safiya a cibiyar ɗaukin gaggawa, kada mota ta tashi sai da cikakken haɗi, a kuma tabbatar firjin da za a sauke kayan yana riƙe sanyin digiri 2 zuwa 8. Ƙaramar hukumar da ta fi yawan masu kamuwa a makon ita za a fara kai wa, ko da babban mutum ya nemi a fara da garinsu, domin sanƙarau kan lafa da saukar damina, allurar da ta makara kuwa ba ta hana mutuwar da aka yi a bazara.