Minti Ɗaya a Sama, Nawa Ne a Ƙasa? Lissafin Dirowa da Lema

Wani yammaci bayan la'asar ina zaune a ƙofar gida a Suleja, ɗan yayata ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya miƙo mini waya. "Kawu, don Allah dubi wannan." Bidiyon wani abokin karatunsa ne da ya je Dubai. An zuge ƙofar jirgi, yaron na zaune a bakinta ƙafafu a waje, wani ƙato na ɗaure a bayansa, iska na kaɗa masa kumatu kamar tuta. Kafin ka ce kwabo sun tuntsuro, can ƙasa ga tsibirin nan mai siffar bishiyar dabino a cikin teku. Da bidiyon ya ƙare sai ya ce, "Kawu, me zai hana a kawo wannan nan garin? Ga dutsen Zuma, ga masu kuɗin Abuja a bakin ƙofarmu."

Ban yi masa dariya ba, don abin yana da kyau a ido, kuma sha'awar tashi sama tsohuwar aba ce a zuciyar ɗan Adam. Tun ranar 22 ga Oktoba 1797 wani Bafaranshe, André-Jacques Garnerin, ya diro da lema daga balan-balan a birnin Paris, jama'a na kallo. Abin da na ce masa shi ne ya kawo biro da takarda. Bidiyo minti uku ne, amma akwai lissafin da ba ya shiga kyamara, kuma shi nake so mu baje a faifai.

Kuɗin minti ɗaya

Abin da yaron cikin bidiyon ya yi shi ne dirowar goyo, wato a ɗaure baƙo a ƙirjin gwani su faɗo tare da lema ɗaya. Amurkawa biyu, Ted Strong da Bill Booth, su suka assasa wannan hanya a farkon shekarun 1980, kuma ita ce ta mayar da wasan kasuwa. Jirgi kan kai mutum wajen ƙafa 13,000, kusan kilomita 4. Daga nan ya faɗo babu abin da ke riƙe da shi na kimanin daƙiƙa 60, yana gudun kilomita 200 a awa. A wajen ƙafa 5,000 gwanin ya buɗe lema, a yi shawagi na minti biyar zuwa bakwai, a taka ƙasa.

A Dubai wannan dirowa a kan tsibirin dabino takan kai dirhami 2,500 ko fiye, kusan dala 700. A canjin 2025, lokacin da dala ke wasa a wajen naira 1,500, wannan ya haura naira miliyan ɗaya. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Najeriya a 2024 naira 70,000 ne. Ke nan albashin ƙaramin ma'aikaci na wata goma sha huɗu ake ƙonawa cikin mintunan da ba su kai goma ba, ba a sa kuɗin biza da tikitin jirgi da masauki ba. Wanda ya yi wannan kuma bai koyi komai ba. Fasinja ne, kamar yadda hawa bayan ɗan acaɓa ba ya mayar da mutum direba.

Kuɗin koyo

Mai son ya diro da kansa yana da doguwar hanya a gabansa. Tsarin da ya fi yaɗuwa a duniya yakan fara da darasi na yini guda a ƙasa, sannan matakai bakwai a sama. A matakan farko malamai biyu ne ke faɗowa tare da ɗalibi, ɗaya dama ɗaya hagu, suna riƙe da shi, suna yi masa ishara da hannu: miƙe ƙafa, dubi agogon tsawo, ja igiya. Wanda ya kasa mataki sai ya maimaita, ya kuma sake biya. Ƙungiyar masu dirowa da lema ta Amurka, USPA, ba ta ba da lasisin farko sai mutum ya yi dirowa 25. Na biyu sai 50, na uku 200, na ƙarshe 500. Wanda zai goya baƙo kuwa sai yana da dirowa 500 da shekara uku a cikin harkar.

Kafin a kai ga lasisin farko a can, an kashe dala 3,000 ko fiye. Sabon kaya cikakke, wato jakar baya da babbar lema da lemar ko-ta-kwana da na'urar ceto, yakan haura dala 8,000. Kayan kuma ba na saya ka ajiye ba ne. A dokar Amurka, duk kwana 180 sai mai lasisin naɗi ya warware lemar ko-ta-kwana ya duba ya sake naɗewa, ko da ba a taɓa buɗe ta ba. Na'urar ceton, irin CYPRES da wani Bajamushe, Helmut Cloth, ya fito da ita a 1991, ita ce ke yanke igiya ta saki lemar ko-ta-kwana idan mutum ya kai wajen ƙafa 750 daga ƙasa yana faɗuwa da gudu, ko ya suma ko ya ruɗe. Ita ma tana da wa'adin aiki, idan ya cika sai a sayi wata.

Akwai kuma kuɗin da ba ya ƙarewa: hannu yana mantuwa. Mai lasisin farko da ya yi kwana 60 bai diro ba, ƙa'ida ita ce ya koma ƙarƙashin kulawar malami. Ɗan Suleja da ya koyo a Dubai ko Afirka ta Kudu ko Maroko, ya dawo gida inda babu filin dirowa, kowace komawa sai ya sake biyan kuɗin tuni. Wannan ba wasan da ake yi daga sallah sai sallah ba ne.

Kuɗin jiki da rai

A nan dole in yi adalci. Alƙaluman USPA sun nuna cewa a 2023 mutum 10 suka mutu a Amurka cikin dirowa kimanin miliyan 3.65. A shekarun 1970 ana rasa sama da 40 a shekara, alhali masu yin ba su kai na yanzu ba. Masu son wasan kan ce hanyar zuwa filin ta fi dirowar haɗari. Duk wanda ya san hanyar Kaduna zuwa Abuja, ko ya tuna cewa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa na ƙirga sama da mutum 5,000 da ke mutuwa a titunanmu duk shekara, ba zai yi saurin ƙaryata su ba.

Amma na farko, mota larura ce, dirowa kuwa zaɓi ne. Na biyu, wannan adadi mai kwantar da hankali ba daga sama ya faɗo ba. An saye shi da shekaru hamsin na dokoki, da binciken kowace gawa, da makanikan jirgi da ba sa ɗaga ƙafa, da asibiti a kusa. Kusan ɗaya cikin kowace dirowa 1,000 babbar lema takan ƙi buɗewa daidai, sai an yar da ita an saki ta biyu. Abin da ke raba wannan da jana'iza shi ne hannun wanda ya naɗe lemar wata shida da suka wuce. Idan aka ɗauko wasan aka bar wannan tsari a can, adadin ba zai biyo shi ba.

Kaso mai yawa na mace-macen kuma ba ƙin buɗewar lema ke jawo su ba. Gwanaye ne da lema lafiyayya a kansu, suka yi kwana kusa da ƙasa suka daki turɓaya da gudu. Ƙwarewa kan haifi ganganci. Felix Baumgartner, ɗan Ostiriya da ya diro daga tsawon kusan kilomita 39 a 2012 duniya na kallo, ya rasu a Yuli 2025 a Italiya yana shawagi da lema mai inji. Ban da mutuwa akwai karayar idon sawu da ta gadon baya. Kafin a ɗaura maka kaya sai ka sa hannu a takardar da ke cewa ka yarda da haɗarin, kai da magadanka. Mai mata da 'ya'ya da tsofaffi a gida ya karanta wannan takarda da kyau, don ba shi kaɗai ya sa hannu ba. Malamanmu sun sanya kiyaye rai da kiyaye dukiya cikin manyan manufofin shari'a, kuma wannan wasa yana taɓa duka biyun.

Kuɗin zumunci

Masu dirowa suna alfahari da zumuncinsu, kuma suna da gaskiya. A filinsu likita da makaniki kan zauna a tabarma ɗaya suna naɗin lema. Kafin a hau jirgi kowa zai juya wa ɗan'uwansa baya a duba shi: maɗauran ƙirji da cinyoyi, hannayen ja, zobba uku na kafaɗa da ke sakin lema idan ta lalace, da ɗan ƙarfen da ke riƙe da bakin jaka. Sabon shiga yana iya tsayar da mai dirowa dubu biyar ya ce maɗaurinsa bai zauna ba, kuma godiya za a yi masa.

Sai dai wannan zumunci ma yana da farashi. Yana cin Asabar da Lahadi gaba ɗaya, don yini ake yi ana jiran iska ta kwanta. Ɗaurin aure da suna da gaisuwar mara lafiya duk sai su bi ruwa. A filayen Turai da Amurka akwai al'adar cewa duk wanda ya yi wani abu karon farko sai ya saya wa jama'a kwalin giya, kuma hira ba ta kankama sai jirgi ya sauka an buɗe kwalabe. Musulmi zai iya kauce wa wannan, amma ya san yanayin da zai shiga. Wanda ya daɗe a harkar kuma da wuya bai raka gawar aboki ba.

Sararin Suleja

Mu dawo kan tambayar ɗan yayata. Filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe yana kudu da mu, ba nisa, kuma manyan jirage na hawa da sauka a wannan yanki dare da rana. Jefo mutane daga ƙafa 13,000 a irin wannan sarari sai da izinin hukumomin kula da harkar jiragen sama, NCAA da NAMA, ga shi a bakin Abuja, babban birnin da tsaro ke gaba da komai. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu kan rufe gari har a soke tashin jiragen fasinja, alhali mai dirowa dole ya ga inda zai sauka tun daga ƙofar jirgi. Daga Afrilu zuwa Oktoba kuma damina ce, ga hadari ga guguwa, kuma ɗalibi ba a barin sa ya diro idan iska ta wuce kilomita 22 a awa. A ƙasa ga duwatsu, ga manyan wayoyin lantarki, ga rufin kwano daga Madalla har Kwamba. Jirgi da mansa da kayan gyaransa duk da dala ake sayensu, fasinja kuwa naira zai biya. Mai harkar da ciniki ya yi masa ƙasa, a ina zai fara rage kashe kuɗi? A gyaran jirgi da naɗin lema, wato inda fasinja ba ya gani.

Batun Zuma kuwa, dutsen da ke jikin takardar naira 100, tsawonsa daga gindi kimanin mita 300 ne. Faɗowa daga dutse wani wasa ne daban, mai lema ɗaya tak, don babu lokacin buɗe ta biyu. A dutsen Kjerag na ƙasar Norway, wanda ya ninka Zuma tsawo kusan sau uku, an ƙirga dirowa 20,850 tsakanin 1995 da 2005, mutum 9 suka mutu. Ɗaya ke nan cikin 2,300 da 'yan kai. Hausawa sun ce tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba.

Dirowa da lema ba baƙuwa ba ce a Arewa. A Jaji, kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, makarantar sojojin ƙasa tana horar da sojojin lema. Soja kan diro daga ƙasa-ƙasa, igiyar da ke maƙale da jirgi ce ke buɗe masa lema, bayan makonni yana koyon yadda ake faɗuwa a mirgina ba tare da karaya ba. Gwamnati ke biya, akwai likita a fili, kuma haɗarin yana da dalili: tsaron ƙasa. Matashin da zuciyarsa ke sama, ga wannan ƙofa. Ga kuma kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya da ke aiki tun 1964, inda kuɗin da aka kashe ke zama sana'a.

Da muka gama, takardar ɗan yayata ta cika gaba da baya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, ashe mintin nan shi ne mafi araha a ciki."

Hukuncina shi ne Suleja ba ta shirya wa wannan kasuwa ba, kuma duk wanda ya zo da tallarta a nemi ya nuna lasisin jirginsa da na malamansa da na mai naɗin lemarsa kafin a saurare shi. Wanda Allah ya hore masa, ya sauke haƙƙin iyali, ya ga sai ya ɗanɗana, ya je inda tsarin ya kafu, kada ya nemi rangwame, kada kuma ya ci bashi. Mu da muka rage a ƙasa, akwai abu ɗaya da ya kamata mu ɗauko daga masu lema, kuma ba ya cin ko sisi: ɗabi'ar duba kayan ɗan'uwa kafin tafiya, da karɓar gyara daga na ƙasa da kai. Direban da zai ɗauki fasinja daga Suleja zuwa Minna gobe da safe ya duba birki da taya kamar yadda suke duba lema. Rayukan da za a tsirar ta nan sun fi duk waɗanda za su taɓa dirowa daga jirgi yawa.