Ɗinki Don Sha'awa: Fa'idodi da Illolinsa

Ba duk mai riƙe allura ce tela ba. Akwai wadda da safe malamar makaranta ce, amma bayan la'asar sai ta baje ƙyallaye a tabarma ta ɗinka wa 'yarta riga, ko ta haɗa rigar filo, ba don a biya ta ba, sai don ranta yana so. Maza ma akwai su, musamman masu ɗinkin hula a bakin zaure. Ina cikin masu wannan sha'awa, na kuma ga amfaninta da wahalarta.

Babbar fa'idarta rufin asiri ne. Turmin atamfa yadi shida ne, kuma idan aka fitar da riga da siket, ragowar ƙyallayen yawanci a shagon tela suke ƙarewa, a share su a zubar. A hannun wadda ta iya ɗinki kuwa, su ne jakar Islamiyyar yaro, su ne abin ɗaure gashi, su ne 'yar jakar zuba canji. Ga gyara kuma: zik ya lalace, maɓalli ya cire, kalmasa ta warware, rigar gwanjo ta yi yawa. Wata Lahadi da daddare na tarar rigar makarantar 'yata ta yage a hammata. Na sa ta riƙe min fitilar waya, na zura farin zare, cikin minti goma na kama wurin. Da safe ta tafi makaranta ba wanda ya san an yi.

Akwai natsuwa a cikinsa. Idan hannu ya kama zarya tsakanin allura da yadi, zuciya takan huta da tunanin cefane da na dangi, kuma a ƙarshe ga abin da za ki ɗaga ki ce ni na yi.

Ɗinki yana buɗe ido. Wadda ta taɓa fama da haɗa hannun riga ba ta ƙara raina kuɗin da tela ya yanka mata. Idan ta shiga Kantin Kwari a Kano, da ta murza yadi tsakanin yatsunta tana iya gane mai kauri na gaske da wanda sitati ya cika. Wani lokacin ma sha'awar takan zama sana'a. A birnin Zariya, aikin babbar riga na hannu, irin su aska biyu da aska tara, da can na maza ne, amma yau mata da yawa suna cin abinci da shi daga cikin ɗakunansu.

To, sai illoli. Jiki yana biya: dogon sunkuyo yana kawo ciwon wuya da na baya, ɗinki a duhu-duhu kuma yana gajiyar da ido, ya saukar da ciwon kai. Abin da ya fi tsorata ni shi ne gida mai yaro mai rarrafe. Allura ko fil ko maɓalli ɗaya da ya faɗi a tabarma ya isa ya kai iyali asibiti, domin duk abin da jariri ya tsinta bakinsa yake kaiwa.

Aljihu ma yana ji. An shiga ne don a rage kashe kuɗi, sai ga shi an sayi keken ɗinki, an tara zare kala-kala da leshin da ba ranar amfani da shi. Ba dole ne a fara da keke ba. Kafin Isaac Singer ya yi rajistar nasa a Amurka a 1851, kusan duk tufar da mutane suke sawa da allurar hannu aka ɗinka ta. Sai kuma ɓarnar 'yar koyo, tunda abin da almakashi ya yanke ba ya komawa.

Amma illar da ta fi ci min rai daga 'yan uwa take zuwa. Da zarar an ji kin iya, kin zama telar dangi. Saura kwana huɗu Sallah sai ga ƙanwa da turmin atamfa a leda: "Yaya, don Allah ki taimaka, telana ya ƙi karɓa." Kunya ta hana ki cewa a'a. Ki raba dare a kan keke, ki sayi zik da zare da kuɗinki, idan kuma wuya ya ɗan karkace a yi ta maganar a gidan biki. Abin da kike yi don hutawa ya koma aikin dole, ba lada ba la'ada. Na san mata biyu da suka rufe kekensu saboda wannan kaɗai, kuma har yau ina jin takaicin hakan, domin hannunsu yana da kyau ƙwarai.

A ganina fa'idar ta rinjayi illar nesa ba kusa ba, muddin mai ɗinkin ce take yanke wa kanta abin da za ta ɗinka da lokacin da za ta ɗinka shi. 'Yar uwa, idan kina sha'awa, fara da allura da zare da tsohon zani. Ki samu gwangwani mai murfi ki riƙa zuba alluranki, ki ɗora shi inda hannun yaro ba ya kaiwa. Ranar da aka kawo miki ɗinkin Sallah kuwa, ki ba da haƙuri tun a bakin ƙofa, kafin a kwance ledar.