A Ɗaga, A Rufe, A Zare: Kira ga Iyayen Yara a Yalwan Damai

'Yan'uwa maza da mata na Yalwan Damai, da na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram baki ɗaya. Ku ba ni aron hankalinku. Maganar 'ya'yanmu ce, kuma ba ta jiran gobe.

Gidajenmu sun canja. A da murhu ne da fitilar ƙwai, shi ke nan. Yau ga risho, ga tukunyar gas, ga hita ta dafa ruwan wanka, ga dutsen guga na lantarki, ga fanka, ga firizar ƙanƙara da zoɓo, ga janareto, ga batirin sola, ga cajar waya a kowane lungu. Alhamdu lillahi, sun rage mana wahala. To amma kaya sun shigo, tsarin gida yana nan yadda yake. Wayar wuta tana ja a ƙasa inda yaro ke rarrafe. Bokitin ruwan zafi yana tsakar gida inda yara ke guje-guje. Yaro kuwa bai san wuta ba sai ya taɓa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna na kashe mutum kusan 180,000 a kowace shekara, mafi yawansu a ƙasashe irin namu. Ta kuma ce a Afirka, mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta dalilin ƙuna ta ninka ta sauran duniya fiye da sau biyu. 'Ya'yanmu ake nufi. Na bayanki, ke mai goyo. Na kan cinyarka, kai maigida.

Don haka yau da daddare, kafin a kwanta, kowa ya yi abu ɗaya. Durƙusa a tsakiyar ɗakinka, daidai tsayin ɗan shekara biyu, ka duba. Duk abin da idonka ya hango daga nan, hannunsa zai kai gare shi. Sannan ka yi aiki da kalmomi uku: a ɗaga, a rufe, a zare.

A ɗaga! Fulas ɗin ruwan zafi, ashana, dutsen guga, wayar caji, duk a ɗora su sama. Kananzir da fetur kada a sake zuba su a robar lemo ko gorar ruwa. Yaro mai jin ƙishi ba ya shinshinawa, kafa kai kawai yake yi. Ƙaramin batir ɗin nan mai faɗi da ke cikin agogo da rimot da kayan wasa, a ɓoye shi. In yaro ya haɗiye shi ya maƙale, cikin awa biyu yana iya ƙona masa maƙogwaro.

A rufe! Soket ɗin da ya fashe a canja shi. Wayar da ɓera ya ci, aka ɗaure da leda, a cire ta, a kira mai gyaran wuta. Fankar da murfinta ya ɓalle, a gyara ko a ajiye. Randa da duro da bokitin da ruwa ke ciki, a rufe su, domin ruwa kaɗan ya isa ya halaka ɗan tatata in ya faɗa da ka. Tsohuwar firizar da ta mutu aka jingine a bayan ɗaki, a cire mata murfi ko a sa mata kwaɗo. Yara masu wasan ɓuya suna shiga, murfi ya rufe, iska ta ƙare, ba mai jin kukansu.

A zare! An ɗauke wuta? Zare hita, zare dutsen guga, tun kafin ki fita daga ɗakin. Wutar KEDCO ba ta sallama in za ta dawo. Gobara nawa ta tashi saboda an manta da abu a jone, aka kawo wuta cikin dare? Hita a cikin bokiti kuwa haɗari biyu ce, ga ruwa mai tafasa, ga lantarki a cikin ruwan. Kada a jona ta inda yaro ke iya shiga. Kada a sa hannu a ji ko ruwa ya yi zafi alhali tana jone.

Gas kuma ku san halinsa. Ya fi iska nauyi, in yana yoyo ƙasa yake kwantawa, daidai inda jariri ke barci a kan tabarma. Kin ji warinsa? Kada ki ƙyasta ashana, kada ki kunna ƙwan lantarki. Rufe kan tukunya, buɗe ƙofa da taga, fita da yara. A gwada tiyo da ruwan sabulu, in ya yi kumfa akwai yoyo. Janareto ya zauna a waje, nesa da taga. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar guba marar wari marar launi, wadda ke kashe mutane cikin barci. Haka ma kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu.

Kai kuma mai injin markaɗe, Allah ya yi wa sana'arka albarka, ji nan. Yawancin masu kawo maka niƙa yara mata ne, da hijabi har ƙasa. Bel ɗin injinka yana juyawa a buɗe. Gefen hijabi ɗaya in ya kama, kafin ka kai hannu ka kashe inji aikin gama ya gama. Je wurin mai walda ya yi maka murfin ƙarfe. Ja layi a ƙasa, ka ce yaro ba ya tsallakewa. Yi shi a wannan makon.

Yanzu ga magidanta. In tsautsayi ya faru, tambayar farko da ake yi ita ce, ina uwarsa take? Uwarsa tana girki, tana wanki, tana surfe, tana shayar da ƙaninsa. Ido biyu gare ta. Wa ya sayo soket mai arha? Wa ya ce a bar wayar haka sai an sayar da amfanin gona? Maigida, gyaran nan naka ne. Kuma mu daina ɗora wa 'yar shekara bakwai raino da girki a lokaci guda. Ita ma yarinya ce, ita ma tana buƙatar mai lura da ita.

Sai masu ƙera kaya da masu sayarwa. Su ma suna da alhaki, kuma duniya ta daɗe da tabbatar da haka. A Amurka yara sun yi ta mutuwa a cikin tsofaffin firji masu sakata, har aka kafa doka a 1956 cewa dole ƙofar firji ta buɗu daga ciki. Daga nan ƙofa mai maganaɗisu ta bazu. A 2016 kamfanin IKEA ya janye durowar kaya kusan miliyan 29 a Amurka, bayan sun faɗo wa yara sun kashe su, ya kuma biya iyalai uku dala miliyan 50. Iyaye ne suka ƙi yin shiru.

Mu ma muna da doka. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC. Dokar ta ɗora alhakin ɓarnar da kaya marasa inganci suka jawo a kan wanda ya samar da su. Akwai kuma hukumar SON mai kula da ingancin kaya, da tambarin MANCAP a kan kayan da aka ƙera a cikin ƙasar nan. To mu yi amfani da su. In za ka sayi waya ko soket ko kan gas, a kasuwar Sara ne ko a Birnin Kudu ko a Sabon Garin Kano, duba suna da adireshin kamfani. Duba shekarar da aka ƙera tukunyar gas, ka guji mai tsatsa da wadda aka yi wa walda. Karɓi rasit ka adana. Araha ba ta ado. In kaya ya fashe ko ya ja yaro, kada ka jefar. Ɗauki hotonsa, riƙe takardar asibiti, koma wurin mai shago, kai ƙara. Mun yarda da ƙaddara, amma yarda da ƙaddara ba ta hana neman haƙƙi, kuma shirunka ne zai bar kayan nan su shiga gidan maƙwabcinka. Ɗan kasuwa, kai ma ka ji tsoron Allah: abin da ba za ka jona a ɗakin 'ya'yanka ba, kada ka sayar wa wani.

In kuma abin ya riga ya faru, a san abin yi. Yaro ya ƙone? Zuba ruwa mai sanyi, mai tsabta, na tsawon minti 20. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da manja, ban da baƙin mai. Lulluɓe da ƙyalle mai tsabta, a tafi asibiti. Wuta ta riƙe shi? Kada ka taɓa shi da hannu. Kashe wutar, ko ka ture wayar da busasshen icce. Ya sha kananzir? Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai, domin aman ne ke kai kananzir cikin huhu. Ga asibitin tarayya na FMC a Birnin Kudu, ga asibitin Gwaram. A hau babur a tafi nan take, ko da an ga kamar yaron ya warware.

Ɗa na kowa ne. Liman, ka faɗa a huɗubar Juma'a. Malamar Islamiyya, ki faɗa wa mata. Mai unguwa da dagaci, ku tara matasa su zaga gida gida da mai gyaran wuta. Malamin firamare, ka koya wa ɗalibai. Ke da za ki gidan suna ko biki, ki isar wa ƙawayenki. Ka ga waya a buɗe a gidan maƙwabci? Yi magana. Ka ga kananzir a robar lemo? Yi magana.

'Yan'uwa, yara amana ne a hannunmu, kuma za a tambaye mu. Ku tashi yanzu. Yau, ba gobe ba. A ɗaga, a rufe, a zare! Allah ya raya mana zuri'a, ya tsare su daga wuta da ruwa da sakacinmu. Amin.