Agogo Sarkin Aiki Ne, Ba Sarkin Akwati Ba

Tun da agogo ya shigo ƙasar Hausa aka yi masa kirari, aka ce agogo sarkin aiki. Wanda ya laƙaba masa sunan nan ya yi gaskiya, domin dare da rana, rani da damina, ba a taɓa jin ya ce ya gaji ba. Mai shi ya kwanta barci, shi yana tafiya. Mai shi ya farka, ya tarar ya ƙidaya masa sa'o'in da suka wuce, bai ɓoye ko ɗaya ba. To, amma a zamanin nan wata al'ada ta yaɗu cikin duniya, har ta iso biranen ƙasar nan, watau tara agogon hannu. Sai a ga mutum guda yana da goma, ko ashirin, ko fiye, sababbi da tsofaffi, ya jera su cikin akwati mai shimfiɗar karammiski, ya kulle.

Sha'awa dai ba laifi ba ce. Wani dawaki yake so, wani tantabaru, wani littattafai, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma mai doki yana hawan dokinsa, mai littafi yana buɗe littafinsa. Abin takaici shi ne da yawa daga cikin masu tara agogo sun tuɓe sarkin aiki daga sarautarsa, sun mai da shi kayan alfahari, ko kuwa hajar jiran riba. Su ne wannan magana ta shafa, kuma ya kamata a faɗa musu gaskiya, ko da ba za ta yi musu daɗi ba.

Da fari a duba dalilin da ya sa aka ɗaura agogo a hannu. A dā maza a ƙasashen Turai cikin aljihu suke sa shi, da 'yar sarƙa, na hannu kuwa adon mata ake ɗaukarsa. A shekarar 1904 wani mutumin Barazil mai tuƙa jirgin sama, Alberto Santos-Dumont, ya koka wa abokinsa Louis Cartier na birnin Faris cewa ba shi da halin sakin jirgi ya laluba aljihu. Cartier ya ƙera masa na ɗaurawa. Da aka shiga Yaƙin Duniya na Farko, daga 1914 zuwa 1918, sai soja suka ga lalle sai da shi, gama ana yanka wa masu igwa minti, ana yanka wa dakaru minti, wanda ya riga lokaci ko ya makara, wutar 'yan'uwansa ce za ta ci shi. Daga nan maza suka daina jin kunyarsa.

Sunayen nan da ake tinƙaho da su yau, duk a wurin wahala suka samo daraja. Rolex ya fitar da agogon da ruwa ba ya shigarsa a 1926. A 1927 wata Baturiyar Ingila, Mercedes Gleitze, ta yi sama da sa'a goma tana iyo da shi cikin ruwan sanyin tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa, ta fito yana tafiya. A watan Yuli na 1969 Buzz Aldrin ya taka duniyar wata da Omega ɗaure a hannunsa, abokin tafiyarsa Neil Armstrong kuwa ya bar nasa cikin kumbo domin agogon kumbon ya lalace. Ashe ruwa da sanyi da wutar yaƙi suka yi wa agogo suna. Yaya za a yi mutum ya sayi jikan waɗannan, sa'an nan ya hana shi ganin rana don kada ya ƙarje?

In an tambayi mai alfahari dalilin da ya zuba dukiya haka, yakan ce ai mai tsada ya fi faɗin lokaci daidai. Wannan magana ta mutu tun ran 25 ga Disamba, 1969. A ranar ce kamfanin Seiko na Japan ya fara sayar da agogon hannu mai batir, wanda a cikinsa akwai ɗan ƙanƙanen dutse mai kama da ƙanƙara. Irin na yau, in wutar batir ta taɓa dutsen sai ya riƙa kaɗawa sau 32,768 cikin sakan guda, da wannan kaɗawa ake auna lokaci. Na farkon ya kai yen 450,000, watau kimanin kuɗin mota a lokacin, amma ba a daɗe ba irinsa ya yi araha, har ya kusa kashe sana'ar Suwizalan. Ma'aikatan agogo a ƙasar sun kai wajen 90,000 a 1970, kafin ƙarshen shekarun 1980 sun koma wajen 30,000.

Ga lissafi, wanda duk ya koyi tarawa da sau zai iya binsa. Agogon da ake wanawa, ko mai wana kansa da motsin hannu, in ya ci jarrabawar hukumar gwajin agogo ta Suwizalan, an yarda ya yi gaggawar sakan 6 ko jinkirin sakan 4 kowace rana. Sakan 6 sau kwana 30 ya zama sakan 180, minti uku ke nan a wata. Ɗan baƙin Casio na roba, wanda aka fara yi a 1989, wanda ɗan makaranta da mai tura ruwa ke ɗaurawa, kuskurensa ba ya wuce sakan 30 a wata, batirinsa kuwa yakan kai shekara bakwai. Saboda haka in daidaiton lokaci ake nema, mai tura ruwa ya riga attajiri. Attajiri ya nemi wata hujja.

Akwai hujja ta gaskiya, ita ce son aikin hannu. Wanda ya taɓa ganin an buɗe bayan tsohon agogo ya san abin mamaki ne. Ga zaren ƙarfe nannaɗe yana sakin ƙarfi kaɗan kaɗan, ga ƙafafu masu haƙora suna juya juna, ga 'yan jajayen duwatsu, galibi 17, da aka dasa a magamai don kada ƙarfe ya ci ƙarfe, ga kuma wata 'yar ƙafa mai kai da komowa, tana bugawa sau biyar cikin sakan, watau sau 432,000 a kwana guda. Ba batir, ba wuta, sai dabarar ɗan Adam. Mutumin da wannan ya burge shi, ya sayi biyu ko uku gwargwadon ƙarfinsa, yana ɗaura su, ya san tarihinsu, yana kai su gyara, babu mai zarginsa. Shi ne mai sha'awa na ƙwarai. Mai alfahari kuwa bai san abin da ke ciki ba, sunan da ke fuskar kaɗai ya biya. Alamarsa ita ce yawan naɗe hannun riga cikin taro, da duban agogo alhali babu inda za shi.

Mai jiran riba ya fi shi ban tausayi. Shi labarin gwanjo ya ruɗe shi. Ya ji cewa a watan Oktoba na 2017, a birnin Niyok, an sayar da Rolex na Paul Newman, ɗan wasan siliman Amurka, a kan sama da dala miliyan 17. Abin da bai lura da shi ba, Newman bai taɓa ɓoye agogon nan ba. Matarsa ce ta ba shi, ya yi shekaru yana ɗaura shi, har a tseren mota, kuma a 1984 ya kwance shi ya yi kyauta da shi. Darajarsa daga hannun da ya ɗaura shi ta fito. Wanda ya sayi sabo ya kulle, wane labari agogonsa zai bayar?

Kasuwar ma ba ta da amana. Farashin manyan agogai na hannu na biyu ya yi ta hawa har farkon 2022, mutane na saye ninki biyu ko uku bisa kuɗin kanti, suna zaton hawan ba shi da iyaka. Daga nan ya juyo ƙasa, waɗanda suka shigo a makare suka kwana ciki. Ga kuma algus. A watan Nuwamba na 2021, a birnin Janeba, an yi gwanjon wani tsohon Omega da aka ce na 1957 ne, a kan sama da faran miliyan 3 na Suwizalan. Kamfanin Omega da kansa ya saya don gidan tarihinsa. A 2023 kamfanin ya bayyana cewa agogon haɗe-haɗe ne, an tsinto sassansa daga agogai dabam dabam. To, in maƙerin abu an iya yi masa sakiyar da ba ruwa da abin da ya fito daga maƙerarsa, ina ga wanda ya ga hoto cikin wayar hannu ya aika da kuɗi? Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Wani zai ce dukiyarsa ce, da guminsa ya samu, ba ruwan kowa. Gaskiya ne, ba wanda zai kai shi gaban alƙali. Amma Musulmi ya san za a tambaye shi ta ina ya samu, ta ina kuma ya kashe, ya san Alƙur'ani ya hana almubazzaranci. Hannu biyu Allah ya ba shi, ɗaya kaɗai ke ɗaukar agogo, saura goma sha tara suna kwance cikin duhu, ga ɗan ƙanensa an koro shi daga makaranta saboda kuɗin jarrabawa. Har wa yau da yawa daga cikin masu tsadar nan na zinariya ne, malamai kuwa sun daɗe da bayyana cewa ɗaura zinariya bai halatta ga namiji ba. Wanda kuma ya saya da niyyar sayarwa, agogonsa ya zama haja, haja kuwa tana da hukuncin zakka. Sai ya je ya tambayi malaminsa, kada ya ce ai wasa yake yi.

Shi kuma talakan da ya ga attajiri ya yi, ya je ya sayo jabu mai sunan Rolex, nasa ya fi muni, domin ya ɗaura ƙarya a hannunsa yana yawo da ita. Wanda ya san agogo zai gane, ya yi masa dariya a ɓoye. Wanda bai sani ba kuwa bai damu ba. Ashe ya biya kuɗi don ya ruɗi kansa kaɗai. Casio na gaskiya ya fi Rolex na ƙarya mutunci.

Wanda ke son tsohon agogo da gaske, ba sai ya leƙa Janeba ba. Ya duba adakar mahaifinsa. Gidaje da yawa akwai Seiko ko Rado ko Orient da wani alhaji ya kawo tsaraba daga Makka shekaru arba'in ko hamsin da suka wuce, ya tsaya, an jefar da shi cikin tarkace. Wannan ya san hannun da ya ɗaura shi, ya san sallolin da aka duba da shi, ba dillalin da zai ƙaga masa tarihi. Sai dai yana da hakki a kan mai shi. Man da ke cikinsa yana bushewa ko yana tafiya ko yana kwance, don haka ana so a wanke shi a sa masa sabo kamar bayan shekara biyar biyar. Kada a shiga ruwa da shi, gama robar da ke toshe shi ta riga ta tsufa. Kada a goge shi da inji ko a sake fentin fuskarsa, domin tabon shekaru shi ne shaidarsa.

Akwai kuma gargaɗi. Agogai da yawa da aka yi kafin shekarun 1960 an shafa wa lambobinsu wani sinadari mai suna radiyam don su yi haske da dare. Guba ne. A Amurka, cikin shekarun 1920, 'yan matan da ke shafa shi suna lasar bakin burushi don ya yi tsini, ƙashin haɓarsu ya ruɓe, da yawa suka mutu. Hasken yakan dushe, amma gubar na nan, sai ta shekara 1,600 kafin rabin ƙarfinta ya tafi. Kada mai sha'awa ya buɗe irin wannan da kansa, kada ya hura ƙurarsa, kada ya bar yara su yi wasa da shi.

Duk wannan hidima tana hannun mutum guda, mai gyaran agogo, wanda ke zaune a bakin kasuwa da ɗan akwatinsa na gilashi da madubi a ido ɗaya. Tun da batir da wayar hannu suka yawaita cinikinsa ya ja baya, yara ba su son koyon sana'ar. Abin kunya, mai agogo ashirin shi ne zai tsaya yana ja-in-ja da shi a kan ladan gyara. Ran da tsofaffin nan suka ƙare ba magaji, akwatin karammiski zai zama maƙabarta. Kuɗin agogo na ashirin da ɗaya, da an biya wa yaro guda ya koyi gyara, da ya fi amfani ga sha'awar kanta.

Daga ƙarshe ga ma'auni mai sauƙi, wanda ba ya bukatar gwanjo ko dillali. A yi alkawari da mai tara agogo ƙarfe huɗu, a ga lokacin da zai iso. Kakannin mutanen ƙasar nan ba su da agogo, da tafin ƙafa suke auna inuwa, duk da haka azahar ba ta shige musu cikin la'asar ba. In jikansu ya ɗaura na miliyoyi, ya bar mutane zaune a ɗaurin aure ko taron gari har ƙarfe shida, ya shigo yana murmushi, to, agogon hannunsa shaida ne a kansa, yana ƙidaya kowane minti da ya ci na bayin Allah. Alkawari kaya ne, agogo kuwa don a taimaki mai ɗaukar kayan aka yi shi. Wanda ya riƙe guda ɗaya ya bi maganarsa, shi ne mai agogo. Wanda ya tara ashirin bai bi ko ɗaya ba, mai gadin akwati ne kawai. Allah ya sa a gane, ya kuma ba da ikon gyarawa.