Ƙarfe mai sanyin ido

Mai karatu, in ka je sayen ƙofar gida ko teburin biro na ƙarfen inoks, abin da za a fara nuna maka shi ne ƙyalli, har ka ga fuskarka ciki. Kyan ɗan maciji ke nan. Ƙarfen da aka goge kamar madubi ba ya rufa asiri: yatsa ya taɓa, sai tabo, ƙurar hunturu ta sauka, a share da tsumma, sai zane.

Akwai wata guga da masu sana'a ke kira "satine" da Faransanci, wadda ke ba ƙarfe haske mai sanyi irin na shadda. Ana iya yin ta da hannu. Ana naɗe takardar yashi a guntun katako, don yatsu kaɗai suna barin kwari. A fara da lamba 120, a koma 180, sannan 240, a ƙare da 320. In lamba ta hau, yashin ya ƙara laushi. Kowace takarda aikinta shafe sawun wadda ta gabace ta, shi ya sa gwani ke sauya fuskar guga in ya sauya takarda, don ya ga ko tsohon zane ya ɓace. Mai gaggawa kan tsallake lamba guda. Rana ce za ta tona shi. Gugar ƙarshe kuwa fuska ɗaya take bi, daga baki zuwa baki, hannu ba ya tsayawa a tsaka. Daga nan sai soson Scotch-Brite ya daidaita layukan.

Ga inda kuɗinka ke iya salwanta. Abin da ke kare inoks daga tsatsa shi ne sinadarin kurom, aƙalla kashi 10,5 cikin ɗari. In aka goge shi da takardar da ta riga ta ci baƙin ƙarfe, ko da soson waya, ɓarɓashin zai maƙale a jikinsa, damana na sauka ka ga jajayen ɗigo a ƙofar da ka biya da tsada. Sai a ce kayan jabu ne, alhali takarda ce aka yi wa rowa.

Saboda haka, kafin ka ba da kuɗin kafin alƙalami, ka tambayi mai walda ko takardar inoks daban yake ajiye ta. Ka kuma sa a fito da kayan waje, ka dube su a karkace cikin hasken rana. In wata rana ƙofar ta ɗan karce, takarda mai lamba 320 da bin tsohon layi sun isa gyara.