Shekara Ashirin da Biyu Bisa Raƙumi, Babu Lamba

A ɗakin Inna, bayan jeren kwanoninta, akwai wani gwangwanin shayi mai tsatsa a murfi. Lambobi uku ne a ciki, na mahaifina, waɗanda shi yake ce wa medai, sai ɗan littafinsa na soja da ya yi laushi kamar tsumma. Ɗaya ta yaƙin Andoshin ce, ɗaya ta Aljeriya, ta ukun kuma gicciyen mayaƙi da Faransa ke bai wa wanda ya tsaya fagen daga, mai shuɗin ƙyalle da jajayen layuka. Duk 18 ga Disamba, ranar Jamhuriyar Nijar, yana dawowa daga sallar asuba zai zauna bakin zaure ya goge su da toka da lemun tsami, ya maƙala su bisa wata tsohuwar kwat ta kaki, ya tafi filin fareti ya zauna bencin mazan jiya. Sarzan mutanen unguwarmu suke ce masa har ya koma ga Allah a 2003.

Zamansa a sojan Faransa bai kai shekara goma ba. Da ya dawo gida ya yi shekara ashirin da biyu yana aikin gardi, mafi yawansu bisa raƙumi, tsakanin Dakoro da Birnin Lalle da rijiyoyin Gadabeji. Wanda ya san kwarin Tarka ya san abin da nake nufi. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, gona a kudu, makiyaya a arewa, amma mai fartanya yana neman ƙasa, mai sanda yana neman burtali, kuma a bakin rijiya suke haɗuwa. Aikin Baba shi ne ya isa wurin kafin a zare takobi. Yakan kwana uku a gindin adua yana sauraron wannan, yana sauraron wancan, har a ƙiyasta ɓarna a biya, a sha hura tare. A yunwar 1973 da 1974 shi ne ke tsaye kan layin rabon jar dawa, yana hana mai ƙarfi ture tsohuwa. Waɗannan shekaru babu abin shaidarsu cikin gwangwanin.

Na taɓa tambayarsa, ina saurayi: “Baba, wanne ya fi wuya, yaƙi ko gardi?” Ya ce, “Yaro, yaƙi kwana ne. Gardi shekara ce.”

Maganar nan ta dawo mini da na karanta yadda Ingila ke yi da sojojin ruwanta na ko-ta-kwana. Mu ba mu da teku, Tarka ma kwari ne da ruwa ya bari tun kakannin kakanni, amma tsarin ya kama hankalina. A 1859 suka kafa rundunar, suka ɗebi matuƙan jiragen kasuwanci, daga baya har da masunta, mutane masu sana'arsu, waɗanda ke zuwa horo lokaci-lokaci su koma gida, da alkawarin in an kira za su amsa. A 1908 aka yi musu lamba ta musamman. Ƙaramin soja da ya cika shekara 15 da kyakkyawan hali a lokacin ana ba shi lambar azurfa, da hoton jirgin yaƙi a bayanta, da sunansa a rubuce a gefenta. Hafsoshi suna da tasu daban. A 1999 aka haɗa su lamba guda ga duk sojojin ko-ta-kwana na ƙasa da ruwa da sama, babba da ƙarami, bayan shekara 10. Ba a tambayar mutum ko ya taɓa harba bindiga a kan abokin gaba. Shekarunsa ake ƙirgawa, a duba halinsa.

Abin da nake roƙo ga namu ke nan. Nijar tana da lambobin girma tun farkon 'yancin kai, kuma ana rataya su ranakun 3 ga Agusta da 18 ga Disamba. Amma wanda ya kalli bikin ya san ƙirjin da suka fi sauka a kai: na manyan hafsoshi, da daraktoci, da jakadun da za su koma ƙasarsu. Ƙaramin soja ko gardi ko jandarma ko jami'in gandun daji da ya ƙare ƙuruciyarsa a wani ƙauyen da ko sabis ɗin salula babu, sai shugabansa ya tuna da shi, ya rubuta, takarda ta je Maradi, ta wuce Yamai, ta dawo. Inda duk aka ce sai an tuna da kai, sanayya ta shigo. Lambar daɗewa cikin aiki tana da wani adalci da sauran ba su da shi, don lissafi ce. Shekara goma sha biyar ta cika, takardarka babu tabo, to haƙƙinka ne, ko kana da uba a gindin murhu ko ba ka da shi. A rubuta sunan mutum a jikinta. A kawo ta garinsu, a rataya masa gaban sarki da liman da matarsa da 'ya'yansa, yana da ransa. Tsoffin da suka yi ritaya amma aka san in ta ɓaci za a neme su, su ma a ci gaba da ƙirga musu shekaru.

Wani aminina da muka karantar tare a lakkol ɗaya yakan ce da ni, “Malam, medai ba ta sayen tiyar hatsi.” Ba zan ƙaryata shi ba, don a gidanmu aka ga hakan. A Disambar 1959 majalisar Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon tsoffin sojojin ƙasashen da suka sami 'yanci. Bature da baƙar fata sun kwanta rami ɗaya, an ba su lamba iri ɗaya, kuɗin ɗaya yana ƙaruwa kowace shekara, na ɗayan yana tsaye inda yake. Wani tsohon sarzan ɗan Senegal, Amadou Diop, wanda ya yi aiki daga 1937 zuwa 1959, ya kai ƙara. Babbar kotun harkokin mulki ta Faransa ta ba shi gaskiya ranar 30 ga Nuwamba 2001, shekara biyar bayan rasuwarsa. Kuɗin mazan jiya sai a 2007 aka daidaita su, fanshon ritaya kuma sai 2011. Baba bai ga ko ɗaya ba. Saboda haka in za a yi wannan lamba, a ɗaura ta da abin da ake iya riƙewa a hannu: fansho ya fito kan lokaci, a duba mai ita kyauta a likita, 'ya'yansa su sami sassauci a makaranta, in ya rasu matarsa ta karɓi haƙƙinta a nan Dakoro ba tare da ta sayar da akuya ta yi kuɗin mota ba.

Amma inda muke rabuwa da aminina shi ne, shi bai ga Baba da toka da lemun tsami ba. Baba ya san an tauye shi, yakan faɗa, kuma bai fasa gogewa ba. Lambobin su ne kaɗai abin da ke cewa ya je, ya tsaya, ya dawo. Da an ba shi ta huɗu, ta ƙasarsa, ta shekarun raƙumi, na tabbata ita zai sa a sama.

Yau 'ya'yanmu ne a daji. Yaran da na koya wa karatu suna Diffa, suna Tillaberi, suna bakin iyakar Madarunfa. A Inates, 10 ga Disamba 2019, an kashe sojoji 71. Wata guda bayan haka a Chinagodar aka kashe 89. Mun ga gawarwaki lulluɓe da tuta, mun saba ganin lamba tana sauka kan wanda ba zai taɓa shafa ta ba. Sun cancanta, Allah ya jiƙansu. Waɗanda suka tsira kuma suka koma bakin aiki washegari, suka sake komawa baɗi, su ma ana bin mu bashinsu.

Akwai wani tsoho a unguwarmu da ya yi aiki tare da Baba, ƙila shi kaɗai ya rage cikinsu. Idanunsa sun tafi, jikansa ke jan sandarsa. Bara na same shi zaune ƙarshen bencin mazan jiya, cikin farar riga wankakkiya, ƙirjinsa babu komai. Na durƙusa na gaishe shi. Ya kama hannuna ya ce, “Ɗan Sarzan ne? Medan babanku suna nan?” Na ce suna nan, Baba. Ya ce in riƙa goge su.