Zaman Dirshan Biyu A Gini Guda

A Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu akwai wani gini da ake kira Bremner, inda ofisoshin shugabannin jami'ar suke. Sau biyu ɗalibai suka mamaye shi suka ƙi fita saboda maganar wariyar launin fata, tsakanin na farko da na biyu kuwa shekara 47 ne cur.

Na farko ya faru a 1968. A wannan shekara Majalisar Gudanarwa ta jami'ar ta ɗauki wani baƙar fata, Archie Mafeje, aikin babban malami a fannin nazarin al'adun ɗan Adam. Tsohon ɗalibinta ne, a lokacin kuma yana neman digirin dakta a Cambridge ta Ingila. Babu wanda ya ce ilminsa ya gaza. Amma da labari ya kai kunnen Ministan Ilmi, Jan de Klerk, wato mahaifin F. W. de Klerk wanda ya zama shugaban ƙasa daga baya, sai ya nuna wa jami'a cewa gwamnati ba za ta lamunta baƙar fata ya tsaya gaban 'ya'yan Turawa yana karantar da su ba. Abin mamaki, babu dokar da ta hana. Dokar 1959 ɗalibai baƙar fata ta tsare a bakin ƙofa, ba ta ambaci malamai ba. Duk da haka majalisa ta ji tsoro, ta janye takardar da ta riga ta bayar.

A watan Agusta ɗalibai wajen 600, galibinsu farar fata, suka shiga Bremner suka shimfiɗa barguna, suka yi kwana 9 suna muhawara da laccoci. Sun yi abin a yaba musu. Sai dai mai karatu ya lura da abu guda: wanda ake maganar dominsa ba ya cikin ɗakin, 'yan'uwansa ma ƙalilan ne a harabar. Aka yi ta aski, mai kai ba ya nan. Daga bisani aka watse, majalisa ba ta sake shawara ba, Mafeje ya tafi ya karantar a Darussalam da Holan da Alƙahira. Bayan an saki Nelson Mandela a 1990 ya nemi komawa, jami'a ta yi masa riƙon sakainar kashi. Ya rasu a 2007, sai a 2008 aka nemi gafarar iyalinsa a bainar jama'a, aka sa wa wani zauren taro na cikin Bremner sunansa.

Na biyu ya zo a 2015, shekara 21 bayan zaɓen da ya kawo ƙarshen mulkin wariya. A tsakiyar harabar akwai mutum-mutumin tagulla na Cecil Rhodes, wanda aka ƙaddamar tun 1934. Shi ne Baturen da ya yi Firayim Ministan Cape daga 1890 zuwa 1896, ya tara dukiya da lu'ulu'u, ya kafa dokokin rage wa baƙar fata filaye da ƙuri'a. A kan filin da ya bari kuma aka gina jami'ar. Ran 9 ga watan Maris wani ɗalibi, Chumani Maxwele, ya zo da bokitin najasa ya watsa wa mutum-mutumin. Aikin ƙazanta ne, ba shakka, kuma da yawa sun ƙyamace shi. Amma in za a faɗi gaskiya, an daɗe ana kai kuka cikin ladabi ba a ji ba, bokitin nan ne ya tashi masu barci.

Ran 20 ga wata ɗalibai suka shiga Bremner, suka raɗa masa suna Azania House. Wannan karon baƙar fata ne ke riƙe da zance, fararen da suka zo goyon baya aka roƙe su su fi ba da kunne. Kowane dare ana zama, ɗalibi ya miƙe ya faɗi yadda yake ji in ya shekara uku bai ga farfesa mai irin fatarsa ba, leburori masu shara su ma su faɗi nasu. Shugaban jami'a, Dakta Max Price, bai tsere wa zancen ba, ko da yake ya sha baƙaƙen maganganu. Majalisar Malamai ta jefa ƙuri'a, mutum 181 suka ce a cire, guda ɗaya ya ƙi. Ran 8 ga Afrilu Majalisar Gudanarwa ta amince, kashegari ƙugiya ta ɗaga Rhodes aka ɗora shi a mota, wata guda daidai da ranar bokiti.

Tagulla ba ta da wuyar ɗagawa. Sauran buƙatun ɗaliban, wato wa zai karantar, wane littafi za a karanta, wa zai iya biyan kuɗin makaranta, su ne suka ƙi ci suka ƙi cinyewa, har a watan Oktoba rikicin kuɗin makaranta ya game jami'o'in ƙasar. Wutar ta ƙetara teku ta kai Oxford, inda Kwalejin Oriel ke da nata mutum-mutumin Rhodes. A 2020 hukumarta ta ce tana son sauke shi, a 2021 kuma ta ce aikin zai ci kuɗi da lokaci, ta bar shi a inda yake.